Ba tashinki daga Tudun Wada ne abin tsoro ba, tashin maigidanki ne

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, hidimar biki ce ta hana ni zama, sai yanzu da gida ya yi shiru. Kin ce maigidanki yana Amurka ya cike miki takardun zama, fayil ɗinku ya isa NVC, cibiyar da ke tattara takardun bizar zama kafin intabiyu, kin ma riga kin tura DS-260, fom ɗin neman bizar. Sai ga mai gidan da kike haya a Tudun Wada ya ba ki notis, za ki koma wajen su Mama a Rigasa. Shi ma oga ya samu aiki a wata jiha, yana shirin tattara nasa ya nasa. Tsoronki kada a soke komai a ce ku koma farko.

Ba za a soke ba. Ki ɗaure kayanki ki nemi motar kwasa.

Na ga wata ta ce miki ki roƙi mai gidan ya yi haƙuri har biza ta fito. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma wa ya san ranar fitowar? Kina iya biyan kuɗin hayar shekara guda a kan tsoron abin da babu shi. Wata kuma ta ce ki garzaya kafe a cike miki AR-11, fom ɗin sanar da canjin adireshi. Wannan fom na baƙin da ke zaune a cikin Amurka ne, ba na wadda ke Kaduna tana jiran a kira ta ba. Kada ki kashe ko sisi a kansa.

Ni na bi wannan hanyar daga farkonta har ƙarshe, kuma na sha wuya a daidai inda ban zata ba, shi ya sa zan tsawaita.

Adireshinki na nan gida ba ya ɗauke da nauyin da kike tunani. Ki tuna, yaushe rabon da ma'aikacin gidan waya ya ƙwanƙwasa miki ƙofa? Mu da kwatancenmu shi ne bayan masallacin Juma'a, layin mai shayi, gida na uku mai jan get. A duk zaman jiran da na yi, daga Unguwar Dosa na koma Malali, takarda ko ɗaya ba ta zo mini ta ƙofa ba. Komai ta imel ya zo, har ranar intabiyu. Kuma ko Rigasa kika koma, ko Kawo, ko Zariya ma, wurin intabiyun bai canza ba: bizar zama a ƙaramin ofishin jakadancinsu na Legas ake yin ta, ba a Abuja ba. Ki duba lambar fayil ɗinki, za ki ga da LGS ta fara. Takardar 'yan sanda ma ta ƙasa baki ɗaya ce, canza unguwa ba ya sa a sake wata.

Abin da za ki yi kaɗan ne. Shi DS-260 da zarar an tura shi ya kulle, ba ki iya komawa ki goge wani abu da kanki. Sai ku rubuta wa NVC ta fom ɗin tambaya da ke shafinsu, da lambar fayil, da cikakken sunanki da ranar haihuwarki, da sunan maigidanki, ku faɗi sabon adireshin. In ba a buɗe miki fom ɗin ba kafin a kira ki, ranar intabiyu ki faɗa da bakinki tun kafin a tambaye ki. Kin ga fom ɗin ya tambaye ki duk inda kika taɓa zama tun kina shekara 16, to Rigasa ƙarin layi ɗaya ce kawai a wannan jerin. Abin da ba sa so shi ne takarda ta ce Tudun Wada, baki ya ce Rigasa, mai bakin kuma ta hau kame-kame.

Gidanki na gaskiya a wurinsu shi ne imel ɗinki. A nan nake so ki tsaya ki tambayi kanki: wa ya buɗe shi? Mata da yawa a garin nan yaron kafe ne ya buɗe musu, shi ya san kalmar sirrin, wani lokaci ma lambar wayarsa ce a jiki. Kina Tudun Wada kina leƙa shi duk sati, ba matsala. Kin koma Rigasa, shi kuma ya rufe shago ya tafi bautar ƙasa, ko wayarsa ta faɗa hannun ɓarayi a Kasuwar Barci, shi ke nan saƙo yana zuwa babu mai gani. Kafin ki ɗaga katifa, ki je ki karɓi kalmar sirrin, ki canza ta a gabansa, ki sa lambarki. Layin wayar ma kada ki yar da shi don kin canza unguwa. Suna da ƙa'idar cewa in shekara guda ta wuce ba su ji ɗuriyarku ba suna iya fara rufe fayil, kuma galibi ba gangan ke jawo wa mutane haka ba, imel ne da aka bari a hannun wani.

To yanzu ga inda gizo ke saƙa.

A cikin DS-260 akwai inda kika rubuta gidan da za ki sauka a Amurka, da inda za a aiko miki da girin kad, wato katin zama. Wannan layin shi ya ci ni. Lokacin da na cike nawa baban yara yana Buronks a Niyok, suna haya shi da wani abokinsa. Kafin a kira ni intabiyu ya samu aiki ya koma Kolombus a jihar Ohayo. Mutum ne mai tsari, ya je gidan waya ya cike takardar a riƙa juya masa wasiƙunsa zuwa sabon gida, kuma suna ta zuwa, na banki, na inshora, har tallace-tallace. Sai muka ɗauka magana ta ƙare. Ba mu san cewa gidan waya daban, hukumar shige da fice daban ba, kowa da littafinsa. Ita hukumar, wato USCIS, ta rubuta ƙarara cewa canza adireshi a gidan waya ba ya canza shi a wurinta, kuma gidan waya ba ya juya wasiƙunta zuwa sabon gida. Laifinmu ne, ba mu karanta ba.

Na sauka a watan Oktoba na 2018, da goyon wata bakwai, bayan kusan kwana guda a hanya. Yaron yana ta tsala ihu, zanin goyon ya kwance, jakar takardu tana zamewa daga kafaɗata. Jami'in shige da fice na filin jirgi ya ɗago ya karanto wani adireshi ya ce nan za ki zauna? Na ji sunan layin da na saba gani a takardunmu, na ce e. Da na ce a'a na miƙa masa sabon, a nan take zai gyara, don wannan ita ce dama ta ƙarshe mai sauƙi. Ko minti ɗaya ba za a yi ba. Takardar da baban yara ya turo mini da adireshin Kolombus tana cikin jakar, a ƙarƙashin famfas.

Mun biya kuɗin katin tun kafin in taso, dala 220 ne a lokacin. An ce yana iya ɗaukar watanni kafin ya iso, sai muka zauna jira. Wata uku ya wuce na ce a bincika, baban yara ya ce mutanen nan ba a matsa musu, a yi haƙuri. Haƙurin nan namu na gida da ake yabo, a can shi ya kwantar da mu. Ashe kati ya je Buronks tuntuni, abokin ma ya tashi, babu sunana a jikin akwatin wasiƙa, aka mayar musu da abinsu. Kuma tun watan Afrilu na wannan shekarar suka fara wata ƙa'ida: katin da aka dawo da shi, in mai shi bai neme su ba cikin ranakun aiki 60, lalata shi suke yi. Da muka farga a wata na biyar, babu kati. Tunda mu ne ba mu ba da adireshi ba, mu za mu biya na sabo. Fom ɗin I-90, dala 455 da kuma 85 na ɗaukar zanen yatsa, 540 ke nan, ga sabon layin jira.

Kuɗin bai dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Bizar da aka buga wa hatimi a fasfo ranar shiga tana tsaya wa mutum a matsayin kati na shekara ɗaya. A watan Agusta na 2019 Hajiyarmu ta kwanta a asibiti a nan Kaduna. Na zo, amma ido ɗaya a kanta ido ɗaya a kan kalanda, don hatimin yana ƙarewa a Oktoba kuma sabon kati shiru. Na so in yi wata uku ina jinyarta, sati uku na yi. Ranar da zan tafi ta riƙe mini hannu ta ce, ke da kika ce kin samu takardar zama, me kuma yake korarki? Ban san ta inda zan fara ba ta labarin akwatin wasiƙa ba. Allah ya ba ta lafiya daga baya, tana nan yanzu haka tana faɗa da masu girki.

Don haka ga saƙon da za ki kai wa maigidanki, kuma ki faɗa masa daga yayarki ne. Ba ki ce mana ko ɗan ƙasa ne ko mai girin kad ba. In mai kati ne, doka ta ba shi kwana 10 kacal daga ranar da ya tashi ya sanar da USCIS, shi ne mai AR-11 ɗin, ba ke ba. Yanzu ma abin ya yi sauƙi, tun ƙarshen 2023 ana yi ta cikin asusun mutum na intanet a shafinsu. In ɗan ƙasa ne wannan dokar ba ta hau kansa ba, amma duk da haka ya sanar in yana da wani abu da bai kammala ba a hannunsu. Ya sa lambar rasit ta kowane fayil, mai harafi uku da lamba goma. Na faɗi haka ne don in ɗan ƙasa ne kuma kuna da yaran da ya cike wa, kowane yaro da nasa fayil ɗin, ba a jingina su a naki. Bayan haka ya sanar da NVC daban. Faɗa wa ɗaya bai zama faɗa wa ɗayan ba. Duk wanda ya yi, ya ɗauki hoton shaidar ya turo miki ki ajiye, kada ki yarda da "na yi" ta baki. Ba rashin yarda ba ne, maza in suna fama da sabon aiki da kwasar kaya, irin wannan ne ke fara zamewa.

Canjin aikin ma yana da nasa. Ya sa hannu a I-864, takardar ɗaukar nauyinki, inda ake duba ko samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatinsu, gwargwadon yawan iyalinsa. Shaidar da ke hannunsu ta tsohon wurin aiki ce. Ya karɓo wasiƙa daga sabon wurin da takardun albashi na baya-bayan nan, ki tafi da su Legas. Kuma daga ranar da kika shiga, duk tashin da zai yi sai ya cike I-865, fom ɗin canjin adireshi na mai ɗaukar nauyi, cikin kwana 30, har sai nauyin ya sauka daga kansa. Akwai tara a kai, daga dala 250 zuwa 2,000. Ke ma kina taka ƙasar kin shiga dokar kwana 10 ɗin nan.

Wani abu da na ga 'yan'uwanmu suna yi, ba na goyon bayansa: mutum ya bar adireshin wani aboki ko na limamin masallaci a matsayin inda yake zaune, wai don kada ya rikita fayil. Akwai halaltacciyar hanya. Fom ɗin ya raba inda kake kwana da inda kake karɓar wasiƙa. In gidan da oga zai fara sauka na wucin gadi ne, yana iya ba da na wani amintacce da ba ya tashi a matsayin wurin karɓar wasiƙa, amma wurin kwana a rubuta gaskiya. Musamman ku da aure ne tushen takardunku, kada a zo ana ganin miji a wata jiha, adireshin mata a wata. Kuma ko ina ne, a liƙa sunanki a jikin akwatin, yadda yake a fasfo, ba sunan da ake kiranki da shi a gida ba. Ni har yau da wata 'yar farar takarda da salatif a jikin namu.

Kuɗaɗen da na ambata na zamanina ne, an sake su a 2024, dokokin biza kuma kowace gwamnati da irin nata. A 2020 ma an dakatar da ba 'yan Najeriya bizar zama, sai farkon 2021 aka ɗage. Kafin ku biya komai ku duba shafin hukumar da kanku. In kuma akwai wata tsohuwar matsala a fayil ɗin maigidanki, misali ya taɓa shiga kotun shige da fice, wannan ba maganar zaure ba ce, ya ga lauya, don kotun tana da nata fom ɗin da nata wa'adin wanda ya fi wannan gajarta.

Ki rubuta sabon adireshinsa da manyan haruffa a 'yar takarda, ki soke ta cikin fasfo, a shafin da bizar za ta hau. Ba cikin jaka ba.

Ina gari har bayan sati biyu, a Unguwar Rimi. In kin samu kalmar sirrin daga wajen yaron kafen, ki taɓo ni ta gefe mu buɗe fom ɗin tare mu ga wane adireshi kika sa a layin katin. Allah ya sa a tashi lafiya, ki gaida su Mama.