Rushe rumbu shi ne aikin ƙarshe

Sani, ka ce duk sanda ka cire modul ɗinka (ƙaramin shirin da ake lodawa cikin zuciyar Linux) da umarnin rmmod sai kwamfutar ta daskare jim kaɗan, alhali ka kira kmem_cache_destroy a wurin fita don rushe rumbunka, wato ma'ajiyar da modul ɗin ke ɗebo gurabun ƙwaƙwalwa daga ciki. Kiran daidai ne, ɗana, wuri ka yi masa.

Na duba aikin naka. Ta call_rcu kake sakin abubuwan da ka ɗebo daga rumbun. Ita kuwa ba ta sakin komai nan take. Alkawari take yi cewa za ta kira umarninka daga baya, idan masu karatu, wato sassan shirin da ke kan karanta abubuwan, duk sun gama. To umarnin nan a ina yake zaune? Cikin modul ɗin. Ka cire shi, Linux ta kwashe wurinsa, lokacin cika alkawari ya zo, ta faɗa adireshin da babu komai. Kamar ka aiki yaro Kasuwar Barci da kuɗi, ya tarar an rushe shagon.

Na san za ka ce ai ga synchronize_rcu. A'a. Wannan masu karatu kaɗai take jira, ba ruwanta da alkawuran da ke kan layi. Wadda ke tsayawa har kowanne ya cika ita ce rcu_barrier. Buɗe fayil ɗin super.c na ext4, tsarin ajiyar fayiloli na Linux, ka nemi destroy_inodecache, layi biyu ne kacal: jira tukuna, sannan rushewa.

Amma kafin rcu_barrier, toshe duk hanyar da sabon aiki ke shigowa. Janye rajistarka, tsayar da agogo da layin ayyukan da ka kunna, don in ɗayansu ya sake kiran call_rcu bayan ka gama jira, ka yi aikin banza. Sai ka mayar da kowane abu da kmem_cache_free. Ko ɗaya ya rage, rumbun ba zai rushe ba, dmesg, mai nuna saƙonnin zuciyar Linux, za ta yi ƙara.

Wani abu da ke ruɗin yara: SLUB, mai kula da rumbunan nan, wanda shi kaɗai ya rage tunda aka cire takwaransa SLAB a Linux 6.8 a 2024, yakan haɗe rumbuna masu kama da juna. In an haɗe naka da na wani, sai ka bar kaya a ciki ba ka ji ƙara ba. Saboda haka kunna injin gwajin da slab_nomerge, mai hana haɗewar, ka loda ka cire sau da yawa yana tsaka da aiki, kana leƙa jerin rumbuna a /proc/slabinfo. Kuma don Allah ba a kwamfutar mutane ba.