Amsar Baba kan taragon fasinja, an kwafo daga murya

Salamu alaikum jama'ar gida. Ɗana, na saurari muryarka tun bayan la'asar, sai yanzu na samu zama. In na fahimce ka, yayanka da ke Faransa zai zo hutu, ya ce ka zaɓi taragon fasinja huɗu na ƙaramin jirgin ƙasa na wasa zai saka maka a valis, kai kuma ka turo hotuna kana tambaya wanne ne ya fi kama da gaske. To na duba hotunan. Duk masu kyau ne. Amma kafin ka ce masa komai, tashi ka ɗauko mitar tela ka auna kwanar layinka.

Ga dalili. Ka ce ma'aunin HO kake yi, wato an rage girman jirgin gaske zuwa kashi 1 cikin 87. Wancan dogon taragon da ka fi so, Corail na Faransa da ya fito a 1975, tsawonsa na gaske mita 26.4 ne. In ka rage shi yadda ya kamata zai zo santimita 30 da ɗan abu. Layin da ke zuwa cikin kwalin farko kuwa, kwanarsa daga tsakiyar da'ira zuwa ƙarfe santimita 36 ce kawai. Tarago mai santimita 30 in ya shiga wannan kwana, cikinsa sai ya leƙo ta gefe, kai da gindi su fita waje, tsakanin tarago da tarago ya buɗe har ka zura yatsa. Ni ya taɓa ci na. Na yi mako biyu ina gina dakalin tasha da kwali da gam, na shafe shi launin jar ƙasa irin ta ganuwar Birni, ranar farko da na saki jirgin, tarago na biyu ya kwashe gefen dakalin ya tafi da shi. Jikata tana ta dariya, wai jirgin Kaka ya ci gida.

Shi ya sa kamfanoni ke yin gajerun, suna rage tsawon kawai zuwa kashi 1 cikin 100, tarago ya dawo santimita 26 da kaɗan, tsayi da faɗi na nan yadda suke. Masu tsanani suna raina su. Ni a ƙaramin tebur su nake so, domin ido ba ya ƙirga tagogi, amma yana ganin tarago da ya karkace a kwana. Sharaɗi ɗaya: kar ka gauraya. Ko duka dogaye, ko duka gajeru.

Sai ka ja kunnen yayanka a kan abu biyu in zai sayi na hannu. Na Ingila, irin su Hornby, OO ne, kashi 1 cikin 76. Suna hawa layinka daidai, faɗin tsakanin ƙarafan layin milimita 16.5 ne duka, amma in ka jera su kusa da na HO sai ka ga kamar raƙumi a garken jakuna. Na kamfanin Märklin kuma tsarin wutarsu daban ne, ba a raba wutar tayan hagu da na dama ba, in ka ɗora a layinka mai ƙarfe biyu wutar za ta haɗe, sai an sauya tayoyi. Ya duba maƙalin da ke haɗa tarago da tarago ma, a samu mai aljihu irin wanda ake kira NEM 362, don ka iya cirewa ka sa iri ɗaya ga kowa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a maganarka. Ka ce tashar Nguru kake son ginawa, wadda mahaifinka ke ba ka labari. Madalla, mu ƴan Damagaram ai jirgin da muka sani ke nan, na ƙetaren iyaka. Layi ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930. Namu na gida, Yamai zuwa Dosso da aka fara a 2014, an shimfiɗa shi amma bai zama jirgin da mutane ke hawa ba. To amma layin Nguru ƙarami ne, faɗinsa milimita 1067, na Faransa kuwa 1435. Taragon Nguru ya fi Corail gajarta da ƙanƙanta, kuma maƙalinsa ɗaya ne a tsakiya, ba shi da faifan nan biyu na gaba masu tare karo irin na Turai. In ka ajiye Corail a gaban buhunan gyaɗa na Nguru, duk tsohon da ya taɓa hawa jirgin zai ce maka wannan baƙo ne.

In kana son gaskiyar gaske, layi mai milimita 12 za ka nema, wanda ake kira HOm. Yana da tsada kuma yawancin kayansa na Suwis ne. Ni da ni ne kai, zan tsaya a layin da nake da shi, in ce a kawo mini gajerun tsofaffin taragu marasa ado, masu ƙananan tagogi, duk na zamani ɗaya. In cire faifan gaba, in nemo tsohon hoton jirgin Kano in bi launinsa, fenti marar ƙyalli. In kuma sabon abu ke burge ka, sai ka bar Nguru ka yi Kano zuwa Maradi da ake ginawa, shi babban layi ne kamar Abuja zuwa Kaduna, dogayen taragu za su dace, amma fa teburinka ya wuce mita ɗaya a faɗi.

Kuma kar ka bar su wayam. Tarago ba mutane kamar gidan da aka tashi ne. Ƴan mutanen roba da ake sayarwa duk kwat ne a jikinsu, ni nakan je wajen telolin kasuwar Dole in roƙi ƙyallaye, in naɗa wa wannan rawani, in yafa wa waccan gyale, in datse ƙafafunsu don su zauna daidai da taga.

Ƙura kuwa hunturu zai ba ka kyauta, a jikin tarago tana ƙara kyau, a taya ce take hana tafiya. Ka rufe da zane in ka gama, kuma kar ka bar su ƙarƙashin kwano a watan huɗu, roba tana lanƙwashewa. Auno kwanar nan ka turo mini lambar kafin ka kira yayanka. An kira isha'i, na tafi.