Tambaya da Amsa: Rahoton gwajin manhajarmu yana hawa yana sauka

Tambaya: Malam, manhajarmu da Python aka rubuta ta, kuma gwaje-gwajenta sun yi yawa har mun raba su kan injuna takwas a GitHub Actions, tsarin GitHub mai gudanar da gwaji da kansa. Muna so duk wanda ya turo gyara, kason layukan da gwaji ya taɓa ya fito da kansa. Amma yau rahoton ya ce kashi 41, gobe ya ce 78, alhali ba a canja komai ba. A ina gizo ke saƙar?

Amsa: Ɗan'uwa, da alama kowane inji rahoton rabonsa yake fitarwa, na wanda ya gama ƙarshe kuke gani. Maganin shi ne a hana injunan fitar da rahoto, su tara bayanai kawai, a haɗa su wuri guda.

Buɗe .coveragerc, fayil ɗin saitin coverage, wato kayan aikin da ke auna wannan kason, ƙarƙashin [run] ka sa parallel = True, sannan ku riƙa gudanar da gwajin da coverage run -m pytest. Kowane inji zai rubuta fayil mai suna na daban, ba wanda zai danne na wani. Ka ƙara relative_files = True, domin idan hanyar foldar manhajar ta bambanta tsakanin injuna, za a ƙirga fayil ɗaya kamar biyu ne. Sai source, inda za ka rubuta sunan foldar manhajar. Wannan ana yawan mantawa da shi, kuma idan babu shi, fayil ɗin da gwaji bai taɓa kira ba ba zai ma fito a lissafi ba, sai kason ya kumbura da ƙarya.

Kowane inji ya ɗora fayil ɗin bayanansa da upload-artifact, matakin GitHub Actions na ajiye fayiloli, da suna daban. A nan akwai tarko. Sunan fayilolin da ɗigo yake farawa, kuma tun daga siga ta 4.4 ta upload-artifact ba a ɗora irin waɗannan ɓoyayyun fayiloli sai ka sa include-hidden-files: true. Daga nan ka buɗe aiki na tara mai jiran sauran ta hanyar needs. Shi zai sauke duka, ya yi coverage combine, sannan coverage xml da coverage html. Kafin ya haɗa, ya ƙirga: in ƙunshin bai cika takwas ba, aikin ya faɗi. Gara ba rahoto da rahoton da ya yi gibi.

In lambar ta ci gaba da rawa, duba yadda gwajin ke ƙarewa. Sai a lokacin fita ake rubuta bayanan, don haka aikin da aka kashe da SIGKILL, siginar kashewa nan take, ya tafi da nasa. Na SIGTERM kuwa, siginar da ke neman aiki ya tsaya, sigterm = True yana ceto shi. Masu amfani da multiprocessing, wato gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda, su sa concurrency = multiprocessing.

Tambaya: Kashi nawa ya kamata mu gindaya kafin a karɓi gyara?

Amsa: A tsohuwar manhaja mai girma, ban ga amfanin ɗaure mutane da jimillar kaso ba. Mutum ya gyara layi goma, a hana shi wucewa saboda bashin da wasu suka bari shekaru? Ku auna sabon gyaran kaɗai da diff-cover coverage.xml --compare-branch=origin/main --fail-under=80. Sai dai checkout, matakin da ke sauko da manhajar kan inji, gyara na ƙarshe kaɗai yake ɗaukowa daga tarihinta, ku sa fetch-depth: 0, in ba haka ba babu reshen da za a kwatanta da shi. Ku kuma kunna branch = True, don a ga sharaɗin da aka gwada gefensa ɗaya aka bar ɗayan. Gwajin da babu assert (layin da ke tabbatar da sakamako) a cikinsa ma yana ɗaga kaso, wannan kam sai mai duba gyaran ya kama shi da idonsa.