Tambaya da Amsa: Wannan ɗan dutsen gunki ne ko laya?

TAMBAYA: Salamu alaikum malam, don Allah na ga wani hoto a Facebook, ɗan dutse mulmulalle kamar guntun alli an sassaƙa masa mutane masu ƙaho, wai a Iraki aka tono shi. Gunki ne ko laya ce? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Hatimi ne wannan, sa hannun mutanen da kenan. Tun wajen shekara 3500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka fara yinsa a birnin Uruk da ke kudancin Iraki da Susa a Iran. Su a kan laka suke rubutu, to idan an gama rubuta yarjejeniya ko an toshe bakin tulu ko ƙofar sito sai mai hatimi ya mirgina shi a kan lakar tun tana ɗanye, zanen ya fito ɓaro-ɓaro, duk wanda ya fasa a gane. Wanda ba shi da hatimi kuwa farcensa yake dannawa ko bakin rigarsa. Akwai huda a tsakiya, zare ake zurawa a rataya a wuya ko hannu, kuma eh, suna ɗaukarsa kamar laya ma.

Masu ƙahon nan allolinsu ne, hula mai ƙahoni ita ce alamar abin bauta a wajensu. Akwai wani hatimi a gidan tarihi na British Museum a Landan, na wani magatakarda Adda, na wajen 2300 kafin Annabi Isa, tsawonsa bai kai santimita 4 ba amma wallahi abin da aka cusa a ciki sai kin riƙe baki, ga Shamash allan rana yana ɓullowa tsakanin duwatsu biyu da wuƙa mai haƙora kamar zarto, ga allahiya Ishtar da fukafukai makamai na tsirowa daga kafaɗunta, ga Ea allan ruwa, ruwa na kwarara daga kafaɗunsa har da kifaye a ciki, bayansa wazirinsa mai fuska biyu. Kuma fa duk a juye maƙerin ya sassaƙa shi don ya fito daidai a laka, ba gilashin ƙara girma ba lantarki. Ni dai duk sanda na kalle shi sai na tuna Annabi Ibrahim (AS) da mutanensa masu bautar tauraro da wata da rana.

Masu hali da shuɗin dutsen da ake kawowa tun daga Badakshan a Afganistan suke yin nasu, irin na sarauniya Pu'abi da aka samu a kabarinta a tsohon birnin Ur da ke kudancin Iraki.

Abin da ke min ciwo, a 2003 da yaƙi ya ci Bagadaza ɓarayi sun shiga gidan tarihin ƙasar sun kwashe dubbai, abu ne ɗan mitsitsi da ke shiga aljihu, har yau da yawa ba su dawo ba.