Tsakanin Malmalar Tuwo da Sikeli: Amsoshin Tambayoyinku kan Rage Ƙiba

Tambayoyi huɗu na zaɓo daga cikin waɗanda suka iso a wannan mako, dukansu a kan rage ƙiba ne da kayan da ake tallata wa mutane da sunan hakan. Na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Ta farko daga wata malamar makaranta ce a Rikkos da ke nan Jos. Ta ce: "Assalamu alaikum, Anti. Shekarata 36, haihuwata huɗu, nauyina kuma ya kai kilo 94. Wata abokiyar aikina ta shiga tsarin da ake kira keto, ta bar tuwo da shinkafa da dankali da burodi gaba ɗaya, cikin mako biyu ta sauke kilo huɗu. Ta haɗa ni da mai sayar da kayan a WhatsApp, ita kuma ta turo mini jerin abin da zan saya: garin almon, garin kwakwa, man kwakwa, da wani gari da ake ɗaure tuwon kabeji da shi. Kuɗin ya kusa rabin albashina. In saya?"

Wa alaikumus salam, Malama. Shawarata ita ce ki riƙe kuɗinki. Abokiyar aikinki ba ta yi miki ƙarya ba, sikelinta ya sauka da gaske, amma ya kamata mu san mene ne ya fita daga jikinta a makonni biyun nan. Jikin mutum yana ajiye wani kaso na sitacin da ya ci a hanta da tsoka, ajiyar da likitoci ke kira gilaikojin, wadda a babban mutum takan kai wajen rabin kilo, kuma kowane gram ɗaya nata yana riƙe da kusan gram uku na ruwa. Idan aka yanke tuwo da shinkafa lokaci guda, jiki yakan cinye wannan ajiya cikin 'yan kwanaki, ruwan da ke tare da ita ya fita ta fitsari, sai sikeli ya sauka da kilo ɗaya ko biyu tun kitse bai motsa sosai ba. Ranar da mutum ya koma kan tuwonsa ruwan zai dawo, kuma a nan ne mata da yawa ke karaya, su ɗauka laifinsu ne.

Tsarin kansa ya daɗe a duniya. Tun a 1863 wani mutumin Landan mai suna William Banting ya wallafa yadda ya rame bayan ya bar burodi da sukari da dankali. A 1921 wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Russell Wilder, ya tsara abincin keto, kuma don yara masu farfaɗiya ya tsara shi, har yau ma ana amfani da shi a kan hakan ƙarƙashin kulawar likitoci. A 1972 ne likita Robert Atkins ya shahara da salonsa na rage sitaci don rage ƙiba. Ƙa'idar keto ita ce kada sitaci da sukarin da mutum zai ci a yini su wuce gram 50, wasu ma gram 20 suke tsayawa. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana ɗauke da kusan gram 45, wato da shi kaɗai rabon yini ya ƙare. Fura da kunu da waina da ƙosai da ayaba da mangwaro duk sun fita, har wake sai an auna shi da cokali.

To, yana aiki? Yana yi ga wanda ya iya jurewa, saboda wanda ya bar lemon kwalba da burodi da cincin, ya koma kan ƙwai da kifi da ganye, yakan ƙoshi da wuri, abin da yake ci a jimla ya ragu. Amma an gwada shi da takwaransa. A wani bincike na Jami'ar Stanford da aka wallafa a 2018, an raba mutane 609 gida biyu, wasu suka rage sitaci, wasu suka rage maiƙo, aka bi su har shekara guda. Masu rage sitaci sun sauke kusan kilo 6 a matsakaici, masu rage maiƙo kuma kilo 5 da ɗoriya, bambancin da masu binciken suka ce bai taka kara ya karya ba. A kowane ɓangare an samu wanda ya rame ƙwarai, an kuma samu wanda ya ƙara nauyi. Abin da na fahimta daga wannan shi ne, tsarin da mutum zai iya riƙewa shekara guda shi ne mai amfani a gare shi.

Nan ne kuma gidajenmu suka shigo cikin maganar. Na ga wata maƙwabciyata tana tuwon kabeji: ta yanka, ta niƙa a injin markaɗe, ta matse a ƙyalle har hannunta ya yi ja, sannan ta tuƙa ɗan abin da ya rage da garin ɗauri, alhali ga tukunyar tuwon masara ta gama kwashewa yara suna ci a gefenta. Girki biyu take yi kowane dare bayan ta dawo daga aiki. Mako biyar ta yi, aka yi suna a danginsu, daga nan ba ta koma ba, garin almon ɗin kuma yana nan a kabad har ya yi ɗoyi. Na tausaya mata ƙwarai, domin ba ƙoƙari ta rasa ba. Ki tambayi kanki ko za ki iya wannan abincin a gidan biki, da ranar Sallah, da ƙarshen wata idan albashi ya ja baya.

Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa. A kwanakin farko mutane da yawa suna fama da ciwon kai da kasala da jiri da warin baki da taurin bayan gida. Man kwakwa da suke cewa a zuba har a shayi, fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa daskararren kitse ne irin wanda ke ɗaga mugun kolestarol a jini, kuma babban cokali ɗaya na kowane irin mai, na kwakwa ne ko na gyaɗa ko manja, yana ɗauke da kusan kalori 120, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki.

Rage sitaci kuwa, ba tare da yanke shi ba, ina goyon bayansa sosai, kuma mu mutanen Jos Allah Ya hutar da mu wajen neman abin da za mu cike gurbinsa. Ki shiga kasuwar Farin Gada da safe ki ga kabeji da karas da koren wake da kokwamba da latas da ake lodawa motoci zuwa Abuja da kudu. Abin da wasu ke saya da tsada a can, a ƙofar gidanmu yake. Ki raba farantinki: rabi ganye da kayan lambu, kwata wake ko ƙwai ko kifi ko awara ko nama, kwata kuma tuwo ko shinkafa ko dankali. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki, miya kuma ki cika ta da alayyafo ko zogale ko kuɓewa, ki auna mai da cokali maimakon tsiyayawa daga galan. Kwaɗon zogale ko na rama da ɗan ƙuli-ƙuli abincin dare ne cikakke. Kafin duk wannan ma, ki fara da abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abincin yini, wato wajen gram 50 ga babban mutum, kuma robar lemo ɗaya mai rabin lita tana iya kai wa kusa da hakan. Ki lissafa da cokali ukun da ke shiga shayin safe, da zoɓo da kunun aya na makaranta.

Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saukar da ake so. A nauyinki, ko kilo 5 zuwa 9 kika sauke, za ki ga alamarsa a gwiwa da numfashi da awon jini. Ki sami tef na tela ki riƙa auna tsakiyar cikinki sau ɗaya a wata, burin kuwa shi ne awon ya koma ƙasa da rabin tsawonki.

Tambaya ta biyu daga wani dattijo ne a Bukuru: "Shekarata 58, ina da ciwon suga shekara tara, ina shan ƙwayoyi ina kuma yin allurar insulin da dare. Ɗana ya turo mini bidiyon wani Bature yana cewa idan mutum ya bar sitaci zai iya barin magani. Wasu kuma sun ce in koma cin acca kawai, wai ba ta ɗaga suga. Wanne zan bi?"

Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Ina roƙonka kada ka canza komai kafin ka zauna da likitanka. Gaskiya ne rage sitaci yana saukar da suga, kuma saboda gaskiyar tasa ne yake da haɗari a gare ka. An auna maka insulin ne daidai da abincin da ka saba ci, don haka idan ka yanke tuwo ka ci gaba da allurar yadda take, suga na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar gwaji, mutum ya kama rawar jiki da zufa da bugun zuciya, ya ruɗe, wani ma ya suma cikin barci ba wanda ya sani. Ƙwayar gilibenkilamaid ma tana yin haka. Akwai kuma sababbin magunguna irin su empagiliflozin da dapagiliflozin, waɗanda idan aka haɗa su da keto suna iya jawo tsamin jini mai kai mutum gadon asibiti ko da awon suga bai hau ba. Ka ɗauki duk kwalayen magungunanka ka kai wa likita, ka gaya masa kana son rage sitaci, shi zai san yadda zai rage allurar sannu a hankali idan awo ya nuna hakan. Ka nemi ya tura ka wurin masu ilimin abinci, waɗanda ake samu a manyan asibitoci irin su JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos.

Acca abinci ne mai kyau, amma hatsi ce kamar gero da dawa, mafi yawanta sitaci ne, kuma wanda ya cika kwano da ita sugansa zai hau. Gwaten acca da aka cika da yakuwa da alayyafo da gauta da wake ya fi tuwonta dacewa da kai, domin ganyen ne ya fi yawa a ludayi. Idan ɗanka yana son ya kashe maka kuɗi, ya saya maka na'urar gwajin suga da isassun tsinkenta. Ka gwada kafin cin abinci da kuma awa biyu bayansa, ka rubuta a littafi. Cikin mako biyu za ka san abin da acca da dankali da shinkafa ke yi a jikinka kai kanka, likita ma zai ji daɗin ganin littafin.

Wani magidanci daga Tudun Wada ya tambaya ko matarsa, wadda ta haihu wata biyu da suka wuce tana kuma shayarwa, za ta iya fara keto. Malam, ta dakata. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin abinci a kan na kullum, kuma an samu masu shayarwa da tsananin yanke sitaci ya kwantar a asibiti. Abin da za ta iya yi tun yanzu shi ne ta rage sukarin kunu da shayi, ta bar lemon kwalba, ta riƙa ɗan tattaki. Kai kuma ka yawaita shigo da ƙwai da kifi da kayan lambu, ka kuma kiyaye harshenka a kan jikinta, domin jikin da ya ɗauki ciki wata tara ba ya komawa cikin kwana sittin.

Ta ƙarshe daga wata budurwa ce a Unguwar Rogo: "Anti, saura mako shida bikina. Na ga shayin rage tumbi a Instagram, an ce kwana goma ya isa. Zan iya sha?"

'Yata, Allah Ya sa albarka, Ya kai mu lafiya. Kada ki sha. Yawancin irin wannan shayi ganyen filasko ne a ciki ko danginsa, wato maganin wankin ciki, wasu kuma har da abin da ke sa yawan fitsari. Cikin zai lafe saboda zawo ya kwashe ruwa, kitse kuwa yana nan inda yake, domin kafin ganyen ya fara aikinsa a babban hanji jiki ya riga ya tsotse abincin. Abin da ke tafiya tare da ruwan shi ne gishirin jiki, musamman fotasiyam da zuciya ke dogara da shi wajen bugawa daidai. Wata 'yar ƙanwata ta sha irinsa kafin bikin ƙawarta, a rana ta huɗu muka same ta a ƙofar banɗaki ta kasa miƙewa, leɓenta ya bushe ya tsage, sai da aka yi mata ƙarin ruwa leda uku. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni: hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sinadarin sibutiramin a ɓoye cikin shayi da ƙwayoyin rage ƙiba da aka rubuta wa "na gargajiya zalla", alhali tun 2010 aka janye shi daga kasuwannin Amurka da Turai saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Duk abin da ba shi da lambar NAFDAC kada ki kai shi bakinki, wanda yake da ita ma lambar ba shaida ce ta cewa yana narkar da kitse ba.

A mako shida, idan kika bi abin da na faɗa wa Malama a sama, kika ƙara da tafiyar ƙafa ta rabin awa kullum, kilo uku ko huɗu abu ne mai yiwuwa, kuma za ki shiga lalle da ƙarfinki. Ki ce wa tela ya auna ki yadda kike yau ya ɗinka a haka, ya bar gwajin ƙarshe sai ana saura mako guda. Rage riga aikin rabin awa ne a wurinsa.