Tambaya da Amsa: Toka ta fi ƙarfen nauyi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar SS2 ce, satin da ya wuce munka ƙona ɗan zaren magniziyam a lab, wani haske fari tas ya tashi kamar na masu walda har malaminmu ya ce kowa ya kau da ido. Abin da ya ɗaure min kai, da munka auna tokar sai ta fi zaren nauyi, alhali gidanmu in an ƙona icce dami guda tokar ko kwano ba ta cikawa. Ko sikelin ne bai da kyau? Daga wata ɗaliba, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, sikelinku lafiyarsa lau, kuma wallahi na ji daɗi da kika lura, da yawa rubuta lambar kawai suke yi su tashi.

Icce in ya ci wuta yawancinsa tashi yake sama, hayaƙi da tururin ruwa da iskar kabon, ɗan abin da ya rage a murhu shi kike gani. Shi ko magniziyam akasin haka yake yi, oksijin ɗin da ke cikin iska yake kamawa ya riƙe gam, to wannan farar hodar da kuka kankaro daga kasko magniziyam ce haɗe da oksijin, ita ce MgO da ke littafinku. Duk giram 24 na ƙarfen yana ɗaukar giram 16 na oksijin ya zama 40, kin ga in zarenku giram 0.24 ne ya kamata ki samu wajen 0.40.

Da wuya dai ya cika cif, kuma laifin yawanci na murfin kaskon ne. In an rufe ruf iska ba ta shiga, wutar ta mutu da sauran ƙarfe a ciki, in an buɗe da yawa farin hayaƙin nan ya gudu, kuma shi ma hodar ce fa take tafiya. Shi ya sa ake ɗaga murfin kaɗan kaɗan ana mayarwa. Sannan kafin a ƙona zaren a goge shi da sanfefa tukuna har ya yi ƙyalli.

Malaminku ya yi daidai, hasken nan yana illata ido, don Allah kar ki ƙura masa. Kuma kar a watsa wa magniziyam mai cin wuta ruwa, ƙara masa ƙarfi yake, busasshen yashi ake zubawa.