Amsa kan robar farfelar Marsandi: wacce za a saya, kuma yaya za a ɗaura ta

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce C240 ɗinka ta 2003 tana yin "ƙam" daga ƙasa duk sanda ka saka giya a D ko R, in kana hawan tudu kuma sai ka ji karkarwa a ƙarƙashin kujera. Bakanikenka ya ce robar farfela ce, wato robar da ke bakin doguwar sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin injin daga giyabos zuwa tayoyin baya, mai kaya kuma ya ajiye maka guda uku a gabanka: ta Baljiyam, sabuwa mai araha, da sabuwa mai tsada. Sannan kana tambaya ko za ta kai ka Abuja ta dawo da kai kafin a canja.

Bari in fara da ta ƙarshen. In har an leƙa an ga zare ya fara fitowa daga jikin robar, kada ka ɗauki hanyar nan. Sauka ba ita ce damuwar ba, dawowa ce. A Hawan Kibo, tudun da ake hawa in za a dawo Jos, mota na jan kanta da kaya da mutane a ƙaramin giya, duk ƙarfin injin kuwa ta cikin wannan robar yake bi kafin ya kai tayoyin baya. Ranar da ta yage gaba ɗaya ba tsayawa kawai motar za ta yi ba, kan farfelar ne zai riƙa dukan duk abin da ke kusa da shi: ƙasan bodi, salansa, har gindin giyabos. Kuɗin roba ɗaya sai ya koma kuɗin giyabos.

Da yawa suna ɗauka dunƙulen roba ce kawai. A'a. Kowane rami nata akwai bututun ƙarfe a ciki, kuma tsakanin rami da rami an naɗa zare mai ƙarfi sannan aka zuba roba a kai. Zaren nan shi ke ɗaukar ja, robar kuma tana shanye girgiza da ɗan karkacewar da ke tsakanin giyabos da farfela. A mai rami shida, noti uku na kama bakin giyabos, uku na kama farfela. Irin motarka guda biyu gare ta, ɗaya a gaba wajen giyabos, ɗaya a baya wajen aksul. Masu BMW irin su E46 da E39 galibi ta gaba kaɗai suke da ita. Don haka ka tambayi bakaniken wacce ya gani, ka kuma sa ya duba ɗayar. Ta gaba ta fi saurin mutuwa don ita ke shan zafin salansa da ɗigar mai, amma in shekarunsu ɗaya, ni biyun nake canjawa tunda an riga an kwance wurin.

Kafin ka fitar da kuɗi, ka shiga ramin da kanka da tocila. A sa giya a N, a tare tayoyin gaba, a ɗaga baya yadda za a iya juya farfelar da hannu, ka kalli robar duk zagayenta. Tsagewar da ta yi zurfi kusa da ramukan noti, zaren da ya leƙo, bututun da ya fara rabuwa da roba, ko robar da ta kumbura ta yi laushi saboda mai, duk hukuncinsu ɗaya. Na ce ka gani da idonka ne saboda "ƙam" ɗin nan ba ita kaɗai ke kawo shi ba. Giya sit, wato robar da giyabos ke zaune a kai, in ya zauna yana yi, bushin da ke riƙe aksul ma yana yi. Karkarwa kuwa, in ta taya ce za ka ji tana bin gudu, ko ka taka totur ko ka saki. Ta farfela tana zuwa ne sanda mota ke ja, ka ɗaga ƙafa ta lafa. Bayanin da ka yi ya fi kama da ta biyun.

Sai zaɓi. Ta Baljiyam ka bar musu. Ba na ƙin kayan Baljiyam, fitila ko ƙofa ko ma aksul sukutum ina saye, amma roba tsufa take yi ko ana aiki da ita ko tana kwance a shago, kuma zaren da ya gaji a ciki ba ka ganinsa daga waje. An ƙera W203 ɗin ƙarshe, wato samfurin motarka, a 2007, ka lissafa shekarun robar da aka kwanto daga jikinta. Mai arahar da ba ta da sunan kowa a jiki ita ma ban ba ka shawara ba, domin abin da kake biya kuɗinsa yana ciki inda ido ba ya kaiwa. Araha ba ta ado.

Wadda na fi natsuwa da ita ita ce ta SGF, kamfanin Jamus da ke yi wa Marsandi da BMW irin wannan robar tun daga masana'anta. Za ka ga haruffan a fito a jikin robar kanta. Lemförder da Febi ma sanannu ne a kayan motocin Jamus. Sai dai kwali ba shaida ba ne, ana buga kwalin kowa. Ka ce a buɗe, ka duba rubutun jikin robar, ka ga bututan sun zauna daidai ba tare da roba ta tsattsage a gefensu ba. A Dilimi ko Farin Gada na Jos in ba ka dace ba, a Apo ko Gudu na Abuja ana samu, sai a sako maka a mota. In za ka nema a intanet, giubo ake rubuta ta a wurare da yawa.

Kada ka saya da "ai ta C-class ce". Faɗinsu ya bambanta, tazarar ramukan ta bambanta, kaurin notin ma akwai mai milimita 10 akwai mai 12, kuma a mota ɗaya ta gaba da ta baya ba lallai su zama iri ɗaya ba. Ka ba mai kaya lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17 ɗin nan, ko ka karanta lambar kayan a jikin tsohuwar. In an kwanto ta, a ɗora ta kan sabuwar a ga ramuka sun hau juna. Ka kuma nemi wadda ta zo da notocinta. Notin wurin nan mai kulle kansa ne, sau ɗaya aka yi shi a ɗaura.

Wajen ɗaurawa ne aiki ya fi lalacewa, don haka ranar ka zauna a garejin. Kafin a kwance komai a sa fenti a yi alama a bakin giyabos da farfela, da kuma inda ɓangarori biyu na farfelar suka haɗu. An daidaita nauyinta ne a haɗe, in aka zare aka mayar a wani haƙori daban za ka fita da sabuwar roba da sabuwar karkarwa. Wasu robobin suna da gaba da baya: na BMW akwai ƴan kibiyoyi a gefe da kowace ke nuna hannun ƙarfen da za ta kama, wasu na Marsandi kuma an rubuta da Jamusanci gefen da ke kallon farfela. Yaron gareji ba zai tsaya karantawa ba sai ka nuna masa. Akwai kuma ɗan bushi a hancin farfelar wanda ke hawa kan tsinin giyabos ya tsayar da ita a tsakiya. A duba shi, a sa masa giris, in ya ci a canja. A saka notocin duka shida da hannu tukuna sannan a ɗaure, kuma da sifana mai awo, ba da ƙarin bututu da ƙarfin ƙafa ba. Awon yana cikin littafin motar, na Marsandi daban, na BMW daban.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne a nemo abin da ya kashe tsohuwar. In sil ɗin bayan giyabos na ɗiga, man zai jiƙa sabuwar ya narkar da ita kamar yadda ya yi wa waccan. In giya sit ya zauna, giyabos ya sunkuya, robar za ta riƙa lanƙwasa fiye da ƙima a kowane juyi. Senta boris kuwa, wanda ke riƙe tsakiyar farfelar, yawanci tare suke tsufa. A tura farfelar sama da ƙasa a wurinsa, in robarsa ta saki ko yana ƙara in an juya, a haɗa da shi a aiki ɗaya. Notocinsa kuma a bari sai an sauke motar kan tayoyinta, an ɗan tura ta gaba da baya, sannan a ƙarasa ɗaure su. Kuma don Allah kada kowa ya shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai.

In an gama ku fita gwaji tare da bakaniken kafin ka biya. Ku nemi tudu, ka tsaya cak, ka saka D, ka saka R, ka ja ta a hankali sannan da ƙarfi. In "ƙam" ya tafi amma karkarwa na nan, a koma a duba alamun fentin da senta boris. In ka turo hoton robar da lambar da ke jikinta a nan, zan duba maka ko ta dace da wadda mai kayan ya ba ka.